Malama Dinah da Ɓatan Mama Tamar

A ekklesiyarsu da ke bayan tsohon layin dogo a Kafanchan, ba a kiran Dinah Kambai da sunanta sai a gabanta. A bayan idonta Mama Bincike ake ce mata. Ta san da sunan, bai kuwa taɓa hana ta barci ba.

A Nok aka haife ta, 'yar manomin citta wanda ke kaɗa ƙararrawar majami'ar ƙauyen. Ita ce mace ta farko a gidansu da aka bari ta wuce firamare. Ta yi kwalejin horon malamai, ta auri Christopher Kambai, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya kawo ta Kafanchan a zamanin da tasha ke cike da fasinja da masu tallan lemo da rake. Ta koyar a firamare har gashinta ya yi fari. Christopher ya rasu, 'ya'ya suka watse Kaduna da Abuja, ita ta zauna a gidanta da 'yan kajinta da lambun yakuwa.

'Ya'yanta sun ce aikin koyarwa ne ya ɓata ta. A aji ta koyi cewa yaron da ya zo da kumburin ido ya ce faɗuwa ya yi, ba kullum ne faɗuwar ba ce, uban da ya fi kowa iya gaisuwa a ƙofar makaranta kuma ba lalle shi ya fi kirki a gida ba. Tun daga nan, in aka ba ta amsa, sai ta riƙa juya ta kamar mai sayen doya tana neman inda ta ruɓe. Ba kullum take dacewa ba. Ta taɓa bin sawun shugaban mawaƙa har wani gida, don ta ga yana yawan tsayawa da wata yarinya bayan an tashi sujadar Lahadi. Ta tarar yana koya wa yarinyar lissafi a tsakar gida, uwarta na zaune tana tsince shinkafa. Ta gaishe su, ta sha ruwa, ta tafi. An daɗe ana mata dariya da wannan.

Wata shekara aka aiko mutane daga hedkwatar ekklesiya suka yi taron bita kan kare yara da marasa ƙarfi. Aka ce kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki a rufe, malaman makarantar Lahadi su riƙa zama biyu biyu, duk wanda ya ga abin da bai gane ba ya faɗa. Aka kafa kwamiti, aka sa Dinah a ciki. Ita kam ta ɗauka an sa ta ne don a huta da bakinta. Ta ɗaga hannu ta tambaya, su wa ake nufi da marasa ƙarfi? Aka ce makafi, guragu, masu taɓin hankali, tsofaffi. Kowa ya gyaɗa kai, aka raba lemon kwalba, amma duk mitin da aka yi bayan nan, zancen yara kawai ake yi.

Mama Tamar kuwa tsohuwa ce, Bajaba kamar Dinah, wadda take kaɗa tulun kiɗa a zumuntar matan ekklesiya tun Dinah tana amarya. Tana zaune wurin ɗanta Gershon, dattijon ekklesiya, ma'aikacin gwamnati mai gonar citta a ƙauye. Dinah ta koyar da shi a firamare, shi ya sa har gobe Malama yake ce mata. Tsufa ya fara taɓa kan Mama Tamar a hankali. Ta fara kiran mutane da sunayen matattu. An sha tsinto ta a tasha zaune kan benci, wai tana jiran jirgin da zai kawo mijinta, mutumin da aka binne tun Gershon bai yi aure ba. Hausar ma ta riƙa zubewa daga bakinta, ya rage mata yaren gida kawai. Duk da haka, in aka ajiye mata tulu a cinya, hannunta bai manta ba.

A daminar da cuta ta faɗa wa citta, gonaki suka ruɓe, aka daina ganin Mama Tamar a majami'a. Dinah ta tare Gershon a ƙofa bayan sujada.

"Gershon, ina Mama?"

"Lafiya lau take, Malama. Mun kai ta Jos ganin likita, tana wurin ƙanwata."

Ya faɗa da murmushi, yana gyara babbar rigarsa, ya wuce gaida wasu. Amsar ba ta da laifi. Abin da ya tsaya wa Dinah shi ne, a ranar shi ya jagoranci addu'a domin marasa lafiya, ya jero sunaye har da na wanda ya yi targaɗe a babur, bai ambaci uwarsa ba.

Ranar zumunta ta tambayi matarsa Mildred, kamar ba ta ji komai ba. Mildred ta ce Mama tana ƙauye, iskar can ta fi karɓarta. Tana maganar tana kallon igiyar jakarta. Da aka tashi, sai ta ce wa shugabar mata a aiko a ɗauki tulun Mama daga gidansu, a ba wata.

Dinah ta koma gida da wannan. Jos ko ƙauye? Me ya sa za a ba da tulun wadda ta je ganin likita kawai? Ta kira 'yarta Irene a waya ta zayyana mata. Irene ta ce, "Mama, don Allah ki bar mutane da gidajensu. Kin manta abin shugaban mawaƙa?" Dinah ta ce ba ta manta ba, ta kashe wayar.

Ta je wurin Fasto Ezekiyel. Mutum ne mai sanyin hali, bai daɗe da zuwa ekklesiyar ba, yana kuma taka tsantsan da dattawa. Ya saurare ta, ya ce, "Mama, Dattijo Gershon ba yaro ba ne. In na tambaye shi ina ya kai mahaifiyarsa, ai na zarge shi ke nan."

"Baba Fasto, kun sa ni a kwamiti kuka ce wanda ya ga abin da bai gane ba ya faɗa. To, na faɗa."

Ya ce zai yi addu'a a kai. Ta fito tana zargin shi ma ya san wani abu.

A ranta ta riga ta yanke hukunci. Mildred ce. Ta gaji da uwar miji ta kulle ta a ɗakin baya, ana tura mata abinci ta ƙarƙashin ƙofa, miji yana rufa mata asiri. Dinah ta dama kunu ta zuba a fulas, ta jira hantsi lokacin da ta san Gershon yana ofis, ta hau keke ta nufi gidan.

Mildred ta tarbe ta a falo, ta kawo ruwa. Dinah ba ta zauna ba. Ta ce bari ta leƙa ɗakin Mama ta ajiye kunun, ta wuce kafin a hana ta. Ƙofar ba a kulle take ba. Ɗakin wayam, an share, an wanke, babu gado, babu akwatin zannuwa. A jikin ƙofa da taga an shafa mai an yi alamar gicciye, an barbaɗa gishiri a dokin ƙofa. Ta leƙa ta taga, ta hango ƙarafan katifa a bayan gida cikin tokar da ruwan sama ya jiƙe.

Ta juyo. Mildred na tsaye a bayanta, hannu a baki.

"'Yata, wa ya ƙone kayanta?"

Mildred ta zame ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Maganar ta fito a gutsure. Citta ta ruɓe, ɗansu ya kwanta ciwo, an hana Gershon ƙarin girma a ofis. Wani abokin aikinsa ya kai shi wurin wani mai addu'a a hanyar Gwantu, wanda ke kiran kansa annabi. Mutumin ya ce matsalar tana cikin gida, ya tambaya ko akwai tsohuwar da ke yawo ita kaɗai tana magana da matattu. Da suka dawo, Gershon ya tambayi uwarsa da yare ko ita ta taɓa gonar. Ta yi dariya ta ce ai kullum tana zuwa gonar, ita da mijinta. Shi ke nan, aka ce ta amsa maita da bakinta. Aka sa ta a mota, za a cire mata aljani.

"Ke kuma kika yi shiru?" in ji Dinah.

Mildred ta ɗago da jajayen idanu. "Mama, ni ke mata wanka. Ni ke wanke zanenta in ta ɓata. Tana mini magana da yaren da ba na ji, ta buge ni, ta ce na sace mata ɗa. Duk tsawon wannan lokaci, wace ce a zumunta ta zo ta zauna da ita ko na wuni ɗaya in huta? Ke ma ba ki zo ba. Sai yau da ba ta nan."

Dinah ta ajiye fulas ɗin a ƙasa, ta zauna kusa da ita. Can ta ce, "Gaskiyarki. Kin san wurin?"

Mildred ta sani. Ta je sau ɗaya, ba a bar ta ta ga tsohuwar ba, tun daga ranar abinci ba ya mata daɗi.

Daga nan gidan fasto suka nufa tare. Wannan karon bai ce zai yi addu'a a kai ba. Ya saurari Mildred har ta gama, ya shiga ya sa farar kwalarsa ta fasto, ya ɗauko makullin tsohuwar motarsa. A hanya Dinah tana kallon ƙeyarsa tana tunanin ko zai kira Gershon a ɓoye a sauya wa tsohuwar wuri. Bai taɓa wayar ba.

Kafin a kai Gwantu suka saki kwalta suka bi wata hanyar laka tsakanin gonakin masara. Wurin rumfa ce babba ta kwano, da tutoci farare, da 'yan ɗakuna a baya. Mata na zaune a tabarmi suna waƙa. Annabin ya fito, saurayi ne tsaf tsaf da farar riga har ƙasa da agogo mai sheƙi. Ya durƙusa ya gaida fasto, ya kira Dinah Mama, ya sa a kawo kujeru. Ladabin nasa ya fi komai tayar mata da hankali.

Ya ce tsohuwar tana cikin azumi, aikin ya kusa kammala, ganin dangi zai ƙarfafa abin da ke jikinta. Fasto ya shiga yi masa magana a hankali, aya na bin aya. Dinah ta ce tana son kewayawa. Aka nuna mata hanya, ta bi, ta wuce makewayin ta shiga leƙa ɗakuna.

A na ƙarshe ta sami Mama Tamar. An aske mata kai. Tana zaune a ƙasa kan buhu, an ɗaure ƙafarta da tsumma a jikin wani turke, idon sawun ya kumbura ya fashe. Leɓɓanta sun bushe sun tsattsage. A ɗaya kusurwar akwai wata budurwa doguwa mai tabo a wuya, ita da sarƙa aka ɗaure ta, ta juya fuska ga bango.

Dinah ta durƙusa ta gaida Mama Tamar da yaren Jaba. Tsohuwar ta ɗago, ta daɗe tana kallonta, sannan ta kira ta da sunan wata yayarta da ta mutu tun da daɗewa, ta ce ƙishi take ji. Dinah ta amsa sunan. Ta kwance tsumman da hannu da haƙori, ta leƙa waje ta ƙwala wa Mildred kira da muryar da ta saba tsayar da fili guda na 'yan makaranta.

Waƙa ta tsaya. Annabin ya iso, murmushin ya gushe. Ya ce ɗanta ne ya kawo ta, ɗanta ne kawai zai ɗauke ta, in suka fita da ita duk abin da ya faru a gidan Gershon yana wuyansu. Wasu samari biyu suka tsaya a ƙofa. Fasto Ezekiyel ya dubi ƙafar tsohuwar, ya ciro waya ya kira Gershon a gaban kowa. Ya ce, "Dattijo, ina tsaye a gaban mahaifiyarka. Ko ka zo yanzu, ko in kira 'yan sanda su taya ni ɗaukarta. Zaɓi ɗaya."

Suka jira. Mildred ta samo ruwa a wurin matan rumfar, Dinah ta riƙa ɗiga wa tsohuwar a baki da cokali. Ta yi wa budurwar nan magana da Hausa, ta gwada Turanci, ba ta juyo ba. Ta tambayi sunanta, wata mata ta ce ba a faɗin sunan waɗanda ake wa aiki.

Rana ta karkata Gershon ya iso, da fushinsa. Tun daga mota yake faɗa, wa ya ba su izinin shiga maganar gidansa. Ya shigo ɗakin, ya yi turus. Ashe shi ma tun ranar da ya kawo ta ba a bar shi ya gan ta ba, ana dai ce masa aiki na tafiya. Mama Tamar ta gan shi, fuskarta ta washe. Ta kira shi da sunan ubansa, ta ce jirgin ya yi latti yau, ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Dinah ta ce, "Ɗauki uwarka, Gershon." Ya sunkuya ya ɗauke ta kamar jaririya, samarin suka kauce.

A asibiti likita ta ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ƙwaƙwalwa ce ke gajiya kamar yadda ido da gwiwa ke gajiya, ba ya warkewa, amma kulawa na sauƙaƙa shi. Gershon ya saurara yana kallon ƙasa. Dinah na kallonsa, ta kasa gane ko ya yarda ko kunya ce kawai ta rufe masa baki. Saboda haka da aka sallami tsohuwar, ta ce gidanta za a kai ta. Ba wanda ya yi musu.

Majalisar dattawa ta zauna a kan maganar. Wasu suka ce a rufa asiri, sunan ekklesiya ne zai ɓaci. Fasto ya ƙi. Aka dakatar da Gershon daga aikin dattijo, ranar Lahadi kuma aka gayyato likitar ta yi wa jama'a bayani bayan wa'azi. Matan zumunta suka raba kwanaki a tsakaninsu, kowace da ranar da za ta zo ta zauna da Mama Tamar. Wasu sun zo da zuciya ɗaya. Wasu kuwa Dinah ta lura ba sa shan ruwa a gidan, ba sa zuwa da jikokinsu, in tsohuwar ta miƙa hannu sai su yi kamar suna gyara ɗankwali. Sai ta daina barin su su kaɗai da ita. Mildred ce ta fi kowa zuwa. Yanzu da take samun barci, har wasa take yi da uwar mijin, ta koyi 'yan kalmomin Jaba na ci da sha.

Gershon yakan zo da yamma ya zauna a bakin ƙofa. Wani lokaci uwar ta gane shi, wani lokaci ta tambayi Dinah wane ne baƙon. Bai taɓa yi wa Dinah godiya ba, bai kuma taɓa yi mata ƙorafi ba. Mama Tamar ta ga Kirsimeti, ta ga Ista, ta rasu da farkon damina a kan gadon Dinah, bayan ta sha kunu. An binne ta da waƙoƙin zumunta, majami'a ta cika.

Maganar budurwar nan mai sarƙa kuwa, tun washegarin dawowarsu Dinah da fasto suka kai ta ofishin jin daɗin jama'a da wurin 'yan sanda. Aka ce za a je. Aka ce babu mota. Dinah ta yi ta sintiri har ma'aikatan suka fara ɓuya in sun hango lemarta. Ranar da aka je, an tarar da rumfar babu kowa, an kwashe tutoci, an bar turaku a ɗakuna. Maƙwabta suka ce annabin ya tashi da mutanensa, wasu suka ce wajen Akwanga, wasu suka ce Jos. Dinah ta tabbata wani ne ya tsegunta masa, tana da mutum biyu da take zargi, ba ta da hujja a kan ko ɗaya.

Yanzu gwiwa ta fara damunta, Irene na ta roƙo ta koma Kaduna, ta ƙi. Ranar kasuwa takan tsaya a tashar motocin Gwantu, ta gaida direbobi, ta tambaye su ko sun ji labarin wani sabon gidan addu'a mai fararen tutoci, ko wata budurwa doguwa mai tabo a wuya. Sun saba da ita. Sukan ce, "Babu labari, Mama." Sai ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce to, ta ɗauki kwandonta ta shiga kasuwa.